ZAƁEN KATAKO DOMIN KABAD NA ƊAKIN GIRKI

Ɗakin girki wuri ne na ruwa da tururi da zafin wuta, kuma inda abinci yake, nan ƙwari suke taruwa. Saboda haka katakon da ya dace da teburin falo ba lalle ne ya dace da kabad na ɗakin girki ba. Magidanta da yawa sukan duba launi da araha kaɗai, sai bayan damina ɗaya ƙofofi su ƙi rufuwa, gara ta cinye ƙafafu, kuɗi su tafi a banza. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne ko katakon ya bushe, kuma ko zai jure ruwa da gara.

Bushewar katako

Yawancin katakon da ake sayarwa a kasuwannin ƙasar nan daga kurmin Kudu yake fitowa, kuma sau da yawa ɗanye ake loda shi a mota. Katako yakan kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Idan kafinta ya yi aiki da ɗanye, da zarar iskar hunturu ta kaɗa sai ya tsage ko ya lanƙwashe, mahaɗansa su buɗe. Wajibi ne a jera falankai a inuwa, a sa ƙananan sanduna tsakaninsu domin iska ta ratsa, a bar su watanni kafin a yanka. Ɗanyen katako yana da nauyi fiye da kima da sanyi a hannu.

Ire-iren katako

Loko, wanda Yarabawa ke kira iroko, yana jure ruwa da gara ƙwarai. Busasshensa yakan kai kimanin kilo 660 a kubik mita ɗaya. Shi ya fi dacewa da ƙafafu da ginshiƙan kabad da wurin wanke-wanke. Kawo ma haka yake, ga shi ba ya yawan motsi da sauyin yanayi, sai dai taurinsa yakan dakushe zarto.

Maɗaci ja ne mai kyaun gani, yana karɓar banish, don haka ya dace da ƙofofi da fuskar aljihun kabad.

Malaina, wadda aka kawo daga Asiya aka dasa da yawa a gandayen Omo da Oluwa, tana da araha. Tana jinkirin bushewa, amma in ta bushe ba ta cika lanƙwashewa ba. Ta isa a yi kantocin ciki da ita.

Obeche fari ne marar nauyi, kimanin kilo 380 a kubik mita, kuma ƙwari suna huda shi cikin sauƙi. Kada a sa shi kusa da ƙasa ko ruwa. Haka kuma allon da aka matse daga garin katako da gam yakan kumbura ya ruguje idan ruwa ya shige shi.

Game da madobiya kuwa, an sare ta fiye da kima, har a 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe. Ya kyautu jama'a su bar ta ta farfaɗo.

Abin lura wajen saye da haɗawa

Ƙarfin itace yana cikin zuciyarsa mai duhu. Farin gefen da ke kusa da ɓawo shi ƙwari suke fara ci, ko da na loko ne. Falankin da ke da ƙananan huji masu zubar da gari, a bar wa mai shi abinsa. A ɗora kabad bisa dandamalin siminti domin ruwan shara kada ya taɓa shi, a shafa banish ciki da waje. Maganin gara guba ne. A shafa shi a ƙafafu da bayan kabad kawai, ban da inda ake ajiye abinci.

Magidancin da kuɗinsa ba su isa loko gaba ɗaya ba, sai ya umarci kafinta ya sa mai tsada inda ruwa ke taɓawa, mai araha a kantocin sama.