Idan Ciwon Daji Ya Yawaita A Dangi, Ga Inda Za A Fara

Akwai gidajen da ciwon daji ya zame wa ɗan gida. Kaka ta rasu da ciwon mama, gwaggo ta bi bayanta, ga shi yanzu an yi wa babbar yaya aiki ba ta ko cika arba'in ba. A irin wannan gida wasu kan ce jifa ne, wasu su ce abin a jini yake, daga nan kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. Masu cewa a jini yake sun fi kusa da gaskiya, kuma yau akwai gwajin da ke iya gano hakan tun mutum yana da ƙoshin lafiya. Sai dai, 'yar'uwa, ba kowa ke buƙatar gwajin ba, kuma ba da shi ake farawa ba.

Yawancin ciwon daji ba gadonsa ake yi ba. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai ake dangantawa da gado. Saura kuwa tsufa ne, ko taba, ko ƙwayoyin cuta irin na ciwon hanta da wanda ke jawo sankarar bakin mahaifa, ko wani dalilin da ba a gano ba. Don haka idan tsohuwa ɗaya ce ta kamu tana da shekara saba'in, wannan kaɗai bai isa ya hana ki barci ba.

Inda gadon yake, sunaye biyu ne suka fi fitowa: BRCA1 da BRCA2. Ƙwayoyin halitta ne da kowa ke da su, mace da namiji, aikinsu gyara ɓarnar da ke aukuwa a cikin ƙwayoyin jiki. Matsalar ita ce a gaji wadda ta lalace. Wata masaniya a Amurka, Mary-Claire King, ita ta nuna mazaunin BRCA1 a 1990. Macen da ta gaji lalatacciyar BRCA1 ko BRCA2, haɗarin ciwon mama a tsawon rayuwarta yakan kai wajen kashi 45 zuwa 70 cikin ɗari, alhali a Amurka na sauran mata kusan 13 ne. Haɗarin ciwon ma'ajiyar ƙwan haihuwa ma yana hawa sosai, musamman ga mai BRCA1.

Kada a auna wannan da ma'aunin sikila, inda sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi, kamar AS da AS, kafin a haifi mai ciwo. A nan ɓangare ɗaya ya wadatar, kuma kowane ɗa ko 'ya na da rabi da rabi na yiwuwar gada. Uba ma yana bayarwa daidai da uwa. Wannan nake so a riƙe da kyau, domin mata da yawa dangin uwa kawai suke lissafawa, su manta da gwaggonni.

Kuma ba ciwon Turawa ba ne. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta na Ibadan suka wallafa a 2018 ya duba matan Najeriya 1,136 masu ciwon mama, aka tarar kashi 14.7 cikin ɗari na ɗauke da irin wannan lahani na gado, mafi yawa a BRCA1 da BRCA2.

To, aikin farko takarda ne da biro. Ki zauna da mahaifiyarki, da gwaggo, da inna, da duk dattijuwar da ta san asalin gida. Ki rubuta wanda ya yi ciwo, a wane sashe na jiki, yana da shekara nawa lokacin da aka gano, dangin uwa daban, na uba daban. Abin ba zai zo da sauƙi ba. Manyanmu ba sa son ambaton mamaci da cuta, sai a ce miki "ciwon ajali ne" ko "ciwon ciki ta yi". Kada ki matsa, ki bi a hankali: cikin kumbura ya yi? An taɓa yi mata aiki? Akwai gyambo a ƙirji da ya ƙi warkewa? Ta yi ta zubar jini bayan ta daina al'ada? Idan akwai tsohon katin asibiti ko takardar sakamakon naman da aka yanka aka auna, ki adana, ya fi dogon labari amfani a wurin likita.

Abin da likita zai nema a takardar shi ne ciwon mama kafin shekara 50, ko a mama biyu, ko ciwon ma'ajiyar ƙwai a kowace shekara, ko namiji da ya yi ciwon mama, ko mutum biyu uku a ɓangare ɗaya na dangi. Idan kuwa ciwon babban hanji da na mahaifa ne ke ta maimaituwa tun da ƙuruciya, zai yi tunanin wani gadon daban da ake kira Lynch. Ki kai takardar sashen masu ciwon daji na asibitin koyarwa mafi kusa da ke, irin na Shika a Zariya, ki nemi a zauna da ke a yi miki bayani kafin a ɗebi jini.

Ga inda ake asarar kuɗi. Wanda ya kamata a fara gwadawa shi ne mai ciwon, idan yana raye. In an gano lahanin a jikinsa, sai a nemi wannan lahanin kaɗai a sauran dangi, amsar ta fito sarai, wanda bai gada ba ya huta. Ita ma mai ciwon tana ƙaruwa, don akwai magunguna irin su olaparib da ake ba masu lahanin BRCA. Amma idan ke mai lafiya kika riga kowa, aka ce ba a ga komai ba, ba ki san ko kin tsira ne ko gwajin ne bai hango abin da ke gidanku ba. Haka ma gwaje-gwajen yawu da ake talla a intanet: wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince wa kamfanin 23andMe a 2018 lahani uku kacal yake dubawa a lokacin, waɗanda suka fi yawa a Yahudawan Ashkenazi, alhali an san dubbai.

Akwai kuma sakamakon da ke cewa an ga wani canji amma ba a san ko yana da illa ba. Ya fi fitowa a 'yan asalin Afirka saboda ba a yi nazarin ƙwayoyin halittarmu da yawa ba. Kada ki yarda a cire miki wani sashe na jiki a kan irin wannan sakamako.

Idan an tabbatar kina ɗauke da shi, ba a ce kina da ciwo ba, ba a kuma ce lallai za ki yi ba. An ba ki dama ce ki riga shi. Akan fara hoton MRI na mama duk shekara daga shekara 25, a ƙara da mamogaram daga 30. Ma'ajiyar ƙwai ce ba ta da sahihin gwajin gano ciwo da wuri, shi ya sa ake ba da shawarar cire ta bayan an gama haihuwa, tsakanin shekara 35 zuwa 40 ga mai BRCA1, 40 zuwa 45 ga mai BRCA2. Jarumar fim Angelina Jolie ta bayyana a 2013 cewa an cire mata mama biyu saboda BRCA1, amma wannan zaɓi ne, ba dole ba. Masu Lynch kuwa, leƙa hanji da na'ura duk shekara ɗaya ko biyu ake yi.

Na san tsoron da ke zuciyar iyaye: kada magana ta fita 'yan mata su rasa masu nema. Tsoro ne mai tushe, kuma sakamakon sirrinki ne, ba na dandali ba. Amma 'yan'uwanki na jini, har da maza, suna da haƙƙin su sani. Ƙananan yara ba a gwada su a kan BRCA, a bari su girma su yanke da kansu.

Gwajin na da tsada, sau da yawa ma waje ake tura jinin. In babu hali, kada ki naɗe hannu. Da tarihin dangi kaɗai likita zai iya sa ki fara duba mama da wuri, galibi shekara goma kafin shekarun da mafi ƙanƙantar mai ciwo a gidanku ta kamu. Duk ƙullutu, ko jini daga kan nono, ko canjin fata, ki kai asibiti a makon da kika gani, ko da ba ya zafi.