Darasi: Burkutu da Sanyin Kirsimati

Kirsimati kan same mu a tsakiyar hunturu, sa'ad da sanyi ya sauka a Kausani da sauran ƙauyukan Wudil, dawa kuma ta shiga rumbu. A irin wannan lokaci ne kakanninmu Maguzawa suka saba dafa burkutu: a jiƙa jar dawa ta yi tsiro, a niƙa, a dafa, a bar ta kamar kwana biyu ta tashi. Mutanen Ingila ma suna da baƙar giyarsu ta lokacin sanyi.

Mukan ji ana cewa ƙwarya ɗaya tana korar sanyi. Ba haka ba ne. Barasa tana buɗe jijiyoyin jini na fata, sai mutum ya ji ɗumi, alhali kuwa zafin jikinsa fita yake yi. Wanda ya bugu ya kwana a waje cikin Disamba, ransa yana cikin haɗari.

Ikkilisiya ba ta haramta ruwan inabi ba, gama Ubangijinmu ya tanada shi a bikin Kana, amma buguwa zunubi ce. Mu tuna kuma, dokar Jihar Kano ta hana sayar da giya. Ban da haka, dawar da aka dafa a Disamba ita ce yara za su nema a Agusta.

Saboda haka mu tari baƙinmu da kunu mai citta da kanumfari, wanda ɗuminsa ba ya ruɗi. Allah ya kai mu bikin lafiya. Amin.