Kwanan Tanti a Duwatsun Jos: Yadda Za Ka Samo Wuri Mai Kyau da Motarka Za Ta Kai Ka

Ka samu jif, ko yayanka ya ba ka aron Hilux ɗinsa. Tanti ma yana nan a ɗaure. Ranka na son ka bar cunkoson kasuwar Terminus ka kwana inda ba abin da ake ji sai iska. To ƙanena, Jos ta yi maka gata. Garin yana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, duwatsu sun kewaye shi, kuma tafiyar ƙasa da awa ɗaya za ta fitar da kai fili. Saura zaɓen wuri, kuma a nan aikin yake. Ga yadda za ka bi.

1. Gobe da safe, fara da wayarka. Buɗe Google Maps, ka juya shi zuwa hoton tauraron ɗan'adam. Ka yi wa kanka iyaka: kada wurin ya wuce tafiyar awa ɗaya da rabi daga gida. Nemi hanyar ƙasa da ta rabu da kwalta, da fili shimfiɗaɗɗe a gindin dutse, da ƙauye a kusa wanda za ka iya takawa da ƙafa. Sa alama a wurare uku, sannan ka sauke taswirar yankin cikin wayar, domin sabis yakan ɗauke da zarar ka shiga bayan duwatsu.

Ka tuna hoton nan zai iya zama tsoho. Hanyar da ka gani sumul, wataƙila damina biyu sun riga sun cinye gefenta.

2. Idan wannan ne karonka na farko, nufi Duwatsun Shere. Suna gabas da gari, kimanin kilomita 10, ta wajen Lamingo, kuma ƙololuwarsu ta kai kusan mita 1,829. Akwai cibiyar gwamnati ta horar da matasa hawan dutse da jagoranci a can, wadda aka fi sani da Man O' War, saboda haka mutanen yankin sun saba ganin baƙi da jakunkuna a baya. Daga sama kana hango Jos baki ɗaya, ga gari kusa idan wani abu ya taso.

Magangarar ruwa ta Assop tana wajen Hawan Kibo, a hanyar Akwanga, tafiyar kusan awa ɗaya. Dutsen Riyom, mai duwatsu ɗaya bisa ɗaya, yana kan wannan hanyar. Magangarar Kurra kuwa tana ƙaramar hukumar Barkin Ladi. Duka suna da kyan gani, amma karanta mataki na gaba kafin ka kunna mota.

3. Tambayi halin tsaro, kuma ka tambaya a makon tafiyar. Riyom, Barkin Ladi, Bokkos da Mangu sun sha fama da hare-hare a shekarun nan. Shawarata a kan waɗannan yankuna ɗaya ce: in ana zaman lafiya, je da rana ka kalla, ka dawo kafin la'asar. Kada ka kwana.

Ko a wurin da ake ganin lafiya lau ne, ji ta bakin mutum uku: direban haya da ke bin hanyar kullum, ofishin 'yan sanda mafi kusa, da mai unguwar ƙauyen. Idan ɗaya daga cikinsu ya ce a'a, magana ta ƙare, koma kan alama ta biyu a taswirarka. Saurari rediyo kuma, ko an sa dokar hana fita.

4. Je leƙen wurin da rana tukuna, ba tare da tanti ba. Wannan shi ne matakin da ba na so ka tsallake, ko da ka tsallake wani. Ranar Asabar ɗaya ta isa. Ajiye motar a bakin ƙauye, ka sauka, ka nemi gidan mai unguwa ko dagaci. Gaishe shi yadda za ka gaida mahaifinka: “Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga cikin gari, muna neman izinin kwana ɗaya a gindin dutsen can.” Riƙe ɗan abin gaisuwa a hannu. Faɗi sunanka, da yawanku, da ranar da za ku zo.

Sai ka yi tambayoyinka. Filin na wane ne? Akwai burtali ta wurin, ko mashayar shanu? Akwai dutse ko kurmin da ba a yarda baƙo ya shiga ba? A ƙasar Filato akwai wuraren al'ada da mutanen gari ke girmamawa, kuma ba allo aka kafa musu ba. Filin da ka ga kamar ba mai shi, sau da yawa gonar acca ce ko ta dankali da aka girbe. Tayar mota tana lalata kunya, kuma manomi ba ya manta wanda ya bi ta gonarsa.

Roƙi mai unguwa ya haɗa ka da saurayi ɗaya da ya san duwatsun. Ku daidaita kuɗinsa tun kafin ku tashi, ka karɓi lambarsa. Shi zai nuna maka wurin da taswira ba ta sani ba, kuma kasancewarsa tare da ku ya nuna wa kowa cewa da sanin gari kuka zo.

5. Kai motar wurin bakanike kwana biyu kafin tafiya. A duba birki, ruwan lagireto, batir da giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja. Mutane da yawa suna da jif shekara da shekaru ba su taɓa gwada wannan giyar ba. Gwada taka a hanyar ƙasa kusa da gida. Mai faci ya duba safaya. Sa jak, da katako mai faɗi da za ka ɗora jak ɗin a kai, da shebur, da igiyar jan mota, da famfon iska. Cika tanki a cikin gari.

A kan hanyar dutse, sannu ba ta hana zuwa. Sa ƙaramar giya, ka ɗora taya a kan dutsen maimakon ka bar shi ya bi ta ƙarƙashin motar, don kada ya fasa maka tukunyar baƙin mai. Wurin gangara, bar giya ta riƙe motar, kada ka danne birki har ya yi zafi. In ka iso rafi, sauka ka auna zurfinsa da sanda. Idan ruwan yana gudu da ƙarfi, juya.

Ku tafi da mota biyu in zai yiwu. Ɗaya ta maƙale, ɗaya ta ja.

6. Yi hattara da kududdufan kuza. An fi shekara ɗari ana haƙar kuza a tudun Jos, kuma ramukan da aka bari sun cika da ruwa. Suna da kyau a hoto, ruwan a kwance, wani shuɗi wani kore. Amma suna da zurfi ƙwarai, gefensu yana zaftarewa, kuma sun ci rayuka. Ba wanka, ba shan ruwan, ba ajiye mota a bakin gaɓa. In da yara a tafiyar, zaɓi wurin da babu kududdufi ko kaɗan.

7. Kafa tanti a wuri mai ɗan tudu, inda dutse ya tare maka iska. Guji ƙorama ko da a bushe take, domin ruwan da aka yi a can sama zai iya iso maka cikin dare. Guji ƙololuwar dutse lokacin hadari saboda tsawa. Share ƙasa da takalmi a ƙafarka, kada ka ɗaga dutse da hannu, kunama da maciji a nan suke fakewa. Juya gaban motar ya kalli hanyar fita, mukulli a aljihunka.

8. Lokacin da ya fi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hanya ta bushe. Yuli da Agusta ruwa ya yi yawa, ka haƙura. Sai dai sanyin hunturun Jos ba wasa ba ne, da dare yakan sauko kusa da digiri 10, a kan dutse kuma iska ta ƙara masa. Ɗauki bargo biyu, rigar sanyi, hular sanyi da safa. Shimfiɗa tabarma mai kauri a ƙarƙashinka, don ta ƙasa sanyi ke shiga jiki. Ruwa, aƙalla lita biyar ga kowane mutum a rana, har da na alwala da girki. Tocila, fawa bank, maganin ciwon kai, bandeji, man shafawa.

Dafa shayinka a kan ƙaramin risho ko gas. Ciyawar rani tana kamawa nan take, iska kuma ta kai wutar gonar mutane. In dole sai kun hura wuta, share kewayenta, ku kashe ta da ruwa da ƙasa kafin barci.

9. Tura wa wani a gida alamar wurin ta WhatsApp, da lambar ɗan rakiyarku, da lokacin da za ku dawo. Ajiye 112 a wayarka, lambar kiran gaggawa ce. Ku bar gari da hantsi, tanti ya tsaya kafin la'asar, kuma ba tuƙin dare a hanyar daji. Da safe ku tattara ledoji da robobi a buhu ku taho da su, sannan ku biya ta gidan mai unguwa ku yi masa sallama da godiya.