Garin kunu ne, ba maganin tamowa ba

Ana saura 'yan kwanaki a kama azumi wata baiwar Allah ta shigo ofishinmu, waya a hannu, idonta ya kaɗa ya yi ja. Garin kunun yara take yi a gida: gero, waken soya, gyaɗa da ɗan dabino. Ita ke tsincewa, ta soya, ta kai inji, ta tankaɗe, ta ɗura a leda ta liƙe. Kwastomominta matan unguwa ne da wasu malaman makaranta, kuma babu wadda ta taɓa dawo mata da kaya. Da ta ɗauki adashi sai ta ce bari ta faɗaɗa. Aka haɗa ta da wani yaro mai kiran kansa ƙwararren mai tallata haja a intanet, ta danƙa masa kuɗin adashin kaf.

Ta miƙo min wayar ta ce, "Malam, duba abin da aka rubuta da sunana."

Kanun tallar, duk da manyan baƙaƙe, cewa yake wai ga sirrin da likitoci ke ɓoye wa iyaye mata. A ƙasa an ce garin yana maganin tamowa cikin mako guda, yana ƙara wa yaro kaifin ƙwaƙwalwa, kuma ana iya ba jariri tun yana wata uku. Ga hotuna biyu a jere, yaro ramamme da yaro ɓulɓul, dukansu kwaso su aka yi daga intanet, ko kama ba su yi da juna ba. Da na leƙa inda ake zaɓar waɗanda za su ga tallar, sai na tarar an zaɓi Najeriya baki ɗaya, maza da mata, daga ɗan shekara 18 har zuwa 65. Matar da iyakar inda take kai kaya shi ne inda mai adaidaita sahu zai je ya dawo a cikin Kano.

Facebook ya dakatar da tallar, daga baya ya hana shafin nata yin talla. Da ta kira yaron sai ya ce mata hassada ce, ta ƙaro kuɗi a buɗe sabon shafi.

Asarar kuɗin ba ita ta fi tayar min da hankali ba. Kafin a dakatar da tallar, wata uwa ta aiko mata saƙon murya, ta kunna min na ji. Muryar a sanyaye take: "Hajiya, don Allah, yarona ana ba shi abincin nan na leda a asibiti, in daina karɓowa in sayi naki, tunda naki ya fi sauri?" Allah ya sa Hajiya mai tsoron Allah ce, nan take ta ce mata kul, ta ci gaba da zuwa asibiti. To waɗanda suka karanta ba su tambaya ba fa? Yaron da ya rubuta ƙaryar yana can yana shan shayi, bai san akwai wannan uwar a duniya ba.

Na ce mata, "Hajiya, ke ma ai kin karanta kafin a sake shi." Ta sunkuyar da kai ta ce ita ta ɗauka haka ake talla. Wannan maganar na gaji da jinta, kuma daga bakin mutanen da a shagonsu ba za su taɓa tauye mudu ba.

Kanun talla alkawari ne. Mutum ɗaya kake yi wa shi, kuma dole ya zama wanda kayan za su iya cikawa. In ba ka san wane ne mutumin ba, ajiye biro.

Da muka zauna da Hajiya, tambaya na yi ta yi mata. Wa ke saye? Me suke cewa in sun zo? Sai ga shi ta zazzago: wata ta ce yaronta ya ƙi komai sai nono, wata hutun haihuwarta ya ƙare za ta koma aiki, wata kuma tsoron garin kasuwa take saboda tsakuwa da ƙura. Kanun da muka fitar daga bakinsu muka ɗauko shi: garin kunun gero da waken soya da gyaɗa, na yaran da suka wuce wata shida, an tsince an soya a gida. Sai farashi, sai unguwannin da ake kaiwa, sai lambar waya. Babu sirri, babu likita. Ba ruwan oda aka yi ba, amma waɗanda suka saya sun dawo, wasu har da maƙwabtansu.

Maganar wata shidan nan ba ado ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla har wata shida, kuma tun 1981 akwai ƙa'idar duniya a kan tallata abin da ake ba jarirai a madadin nono. Duk mai rubuta tallar abincin yara da bai san wannan ba, ya koma tallar takalmi. Haka kuma ka faɗi abin da ke cikin garin, akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa.

Kada ka ce kaya na maganin cuta in ba magani ba ne. Ko da mai kayan ya rantse maka cewa ɗan maƙwabcinsa ya warke, kada ka rubuta. Tun 2022 hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ta maye gurbin APCON, kuma dokarta ta ce a tantance talla kafin a sake ta, har da ta soshiyal midiya. A 2022 ɗin ta kai kamfanin Meta, mai Facebook, ƙara a kan tallace-tallacen da ba a tantance ba. Lambar NAFDAC ma haka: na ce wa Hajiya ba za a sake biyan kuɗin yaɗa talla ba sai ta yi rajista, kafin nan ta tsaya a sitatus ɗin WhatsApp da kwastomominta. Wanda ya ce zai ara miki lambar wani, gudu za ki yi.

Masu koyon aikin talla, ku daina kwafo tallar ƙasashen waje kuna juya ta zuwa Hausa. Wanda aka rubuta dominsa ba a Kurna yake ba. Ku je Kantin Kwari ku tsaya kusa da mai atamfa, ku ji yadda yake yi wa uwar amarya magana da yadda yake sauya baki in ɗan sari ne ya zo daga Agadas. Kaya ɗaya, magana biyu. Littafin masanin talla Claude Hopkins na 1923 ya nace a kan a gwada talla a ƙirga sakamakonta, David Ogilvy kuma a 1963 ya nuna cewa masu karanta kanu sun ninka masu karanta cikin talla nesa ba kusa ba. To rubuta kanu biyu, ka sake su ga rukuni ɗaya na mutane, ka ga wanda ya kawo kira. Yawan masu danna alamar so ba ciniki ba ne.

Ku kuma masu kaya, kuna da naku laifin. Mutum zai sayi minti ɗaya a rediyo ya ce a saka kaya goma, da sunan mahaifinsa, da sarautar da aka naɗa shi, sannan a karanta lambar waya sau ɗaya da gudu. Wa zai riƙe? Kowa nasa ne mafi inganci a Afirka. A tambayi farashi a ce a biyo ta bayan fage, mai saye ya wuce abinsa. Sannan hoton ɗan wani da ba ka nemi izinin iyayensa ba, kada ka ɗora shi a talla, balle hoton yaro marar lafiya. Kai kuma mai rubuta talla, na sake faɗa, ko mai kaya ya ce zai ninka maka kuɗin aiki, kada ka rubuta cewa garin kunu na maganin tamowa.