Zaɓen Jami'a Don Karatun Injiniyan Gine-gine: Nazari Ga Ɗaliban Anka, Gummi da Bukkuyum

1.0 Gabatarwa

A watan Agusta na 1924 ba a san siminti a ƙauyukanmu ba; a watan Agusta na 2024 kuwa, ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi, na ƙasa da na bulo. Wannan ya nuna cewa yankin da Gulbin Zamfara ya ratsa yana buƙatar 'ya'yansa masu ilmin ƙarfin gini. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa ɗalibi abin da zai duba kafin ya zaɓi jami'a.

2.0 Ma'anar Fannin

Mai zane shi ke tsara siffar gini, magini shi ke aza shi. Injiniyan gine-gine kuwa shi ke lissafa nauyin da harsashi da ginshiƙi da gada za su iya ɗauka. Ilmin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Maginanmu sun san azara ba ta jure dogon zango, shi ya sa suka ƙago bakan gizo, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

A jami'o'in Nijeriya, fannin reshe ne na sashen injiniyan gine-gine da hanyoyi. Karatun digiri na farko shekara 5 ne, ƙwarewa kuma galibi sai a digiri na biyu.

3.0 Ma'aunan Zaɓe

Na farko, amincewar hukuma. Hukumar NUC da Majalisar COREN, wadda aka kafa a 1970, su ke tantance kowane kwas, kuma amincewarsu tana da wa'adi. Wanda ya gama kwas ɗin da ba a amince da shi ba, rajistar zama injiniya za ta yi masa wuya.

Na biyu, kayan aiki. A binciki ɗakin gwajin kankare da rodi da ƙasa, domin gani ya kori ji.

Na uku, guzuri da lafiyar hanya. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ita ce uwa a wannan fanni a Arewa, sai dai masu nema suna da yawa. Jami'ar Bayero ta Kano ma ta daɗe tana koyar da shi. Wanda makinsa bai kai ba, yana iya somawa da difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, sannan ya nemi shiga jami'a kai tsaye.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa suna ko kusancin gida ba su isa hujjar zaɓe ba. Ɗalibi ya fara tambayar matsayin kwas ɗin a shekarar da zai shiga, kafin ya cika takardar JAMB. Hausawa na cewa, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.