Darasin Da Na Koya Daren Da Aka Ɗauke Wuta



'Yan uwa, kwanakin baya muna zaune a makarantarmu ta dare a nan Gyallesu, bayan Magariba, sai aka ɗauke wuta. Na ce wa yara kowa ya kawo haddarsa a haka. Akwai wani yaro da kullum sai na ɗago shi sau biyar a shafi ɗaya. Wallahi a daren nan ya kawo shafi biyu babu gargada. Da wuta ta dawo, ya fara waige-waige, sai tuntuɓe ya dawo.

Abin ya tsaya mini a rai, domin ni ma tun da na koma yin tilawa a waya haddata take zubewa. Ina cikin aya saƙo zai faɗo, ido ya bi, zuciya ta bi ido.

To me yake faruwa? Hankalin ɗan Adam kamar tulu ɗaya ne da ido da kunne da sauran gaɓoɓi suke ɗiba a ciki, kuma ido ya fi kowa babban moɗa. Idan aka tsayar da shi, rabon kunne da tunani ya ƙaru.

Mu Zazzagawa ba sai an kai mu nesa ba. Alhaji Aliyu Namangi, mai waƙar Imfiraji, makaho ne tun yana ƙarami, amma da ka ya tsara baitocin da har gobe ake rerawa. Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 590 bayan Hijira, shi ma makaho ne, kuma baitocinsa 1,173 ne masu karatun ƙira'o'i bakwai suke haddacewa.

Masana ma sun taɓo abin. A 1996 mujallar Nature ta buga binciken da ya nuna ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da gani yana aiki a lokacin da makaho yake karanta rubutun makafi da yatsu. A Jami'ar Harvard ta Amurka kuma an ɗaure wa masu gani idanu kwana 5, sai ɓangaren ya fara amsa taɓawa. Da aka kwance, cikin kwana guda ya koma yadda yake. Kun ga ke nan rufe ido taimako ne na ɗan lokaci. Su Namangi maimaici ne na shekaru ya kai su inda suka kai.

Ga abin da nake ba da shawara:

1. Sabon karatu, kalli allo ko Mus'hafi da kyau, domin siffar shafi tana taimakon hadda. Wajen bita ne za ka rufe ido ka kawo.

2. In ƙarar janareta ko babura ce ta dame ka, nemi lokacin shiru. Shi ya sa alarammomi suke son bayan Asuba da tsakar dare.

3. Waya a wani ɗaki, har ka gama.

Sai dai a kula da sallah. Malamanmu na Malikiyya sun lissafa rufe ido a sallah cikin makaruhai, sai in akwai abin da zai shagaltar da kai a gabanka. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya yi sallah da wani mayafi mai zane, zanen ya ɗauki hankalinsa, da ya idar sai ya aika da shi ga Abu Jahm, ya nemi marar zane. Wato abin da ke jan idon shi ake kawarwa. Duba daddumarka da bangon da kake fuskanta.

Ni dai na koma wa Mus'hafina na takarda, mako na uku ke nan, kuma Alhamdu lillahi na fara ganin bambanci. Ku gwada na kwana 7, ku faɗa mini abin da kuka gani.

Allah Ya sanya Alƙur'ani ya zauna a ƙirazanmu. Wallahu a'alam.