Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasi Kan Komawa Gida Hutun Sallah

'Yan'uwa ɗalibai, da zarar Sallah ta rage kwana uku, kowa ya san yadda tashar mota take komawa a Birnin Kebbi. Kuɗin mota ya hau, 'yan kamasho sun daina sauraren ciniki, kujerar mutum uku ta koma ta huɗu. Mu 'yan Yauri, Ngaski da Shanga tamu ta fi haka nauyi, domin da yawanmu tafiyarmu ba ta ƙarewa a inda mota ta tsaya. Wani sai ya ƙara da babur, wani kuma sai ya tsallaka ruwa kafin ya ga ƙofar gidansu. Saboda haka darasin nan guda ɗaya ne: ka fara lissafin tafiyarka daga ƙarshenta, ka dawo baya zuwa lokacin da za ka bar hostel.

Fara da sanin ranar

Sallolin biyu ba tsari ɗaya suke buƙata ba. Babbar Sallah tana faɗowa 10 ga Zulhijja, don haka da zarar fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin wata, kana da kusan kwana goma na shiri. Ƙaramar Sallah kuwa ba ta tabbata sai daren 29 ga Ramadan, ko azumi ya tsaya a nan ko ya cika talatin. Wanda ya ce sai ya ji sanarwa zai kama hanya, to ya haɗu da kowa a tasha. Ka ɗauka azumi 29 za a yi, ka tsara tashinka kwana biyu ko uku kafin nan, matuƙar jarabawa ko aikin firojet bai riƙe ka ba. Kada ka jira hutun Gwamnatin Tarayya, yawanci kwana biyu ne, kuma a kansa ma'aikata ke cika hanya.

Lissafi daga baya

A ce daga Yauri sai ka ƙara mota zuwa Wara, daga can kuma kwale-kwale. Tambayar farko ita ce: ƙarfe nawa jirgin ƙarshe na garinku yake tashi da rana? In da la'asar ne, ka sa wa kanka isa bakin ruwa da azahar. Daga nan ka cire lokacin motar Yauri zuwa Wara, ka cire na Birnin Kebbi zuwa Yauri ta Jega da Koko, sannan ka ƙara awa biyu na jiran lodi, shingayen bincike da faci. Za ka ga lissafin ya kai ka ga motar farko ta bayan sallar asuba. Awannin kowace gaɓa kuwa, ka tambayi wanda ya bi hanyar a makon nan, don hanyar bara ba ita ce ta bana ba. In ka makara, ka kwana a Yauri wajen ɗan'uwa ko abokin karatu. Yanayin tsaron yankinmu ma kaɗai ya isa ya hana mutum tafiyar dare.

Ruwa ba ya wasa

A nan nake so mu tsaya sosai. Tafkin Kainji ya samu ne bayan kammala madatsar a 1968, kuma ruwan ya hau kan gonaki da dazuzzuka, kututturan itatuwa suna nan a ƙasa. Daga ƙarshen rani zuwa farkon damina ruwa yana ja baya, kututturan su matso sama, da dare kuma matuƙi ba ya ganinsu. Ga wani abu: Sallah tana matsowa baya da kusan kwana 11 duk shekara. Babbar Sallah ta faɗo 16 ga Yuni a 2024, ta faɗo 6 ga Yuni a 2025. Wato tana zuwa ne a farkon damina, lokacin hadarin yamma mai iska.

Ba mu manta 26 ga Mayu, 2021 ba, ranar da jirgi ɗauke da mutane sama da 150 ya nutse tsakanin Wara da ɓangaren jihar Neja, kaɗan suka tsira. Hukumomi sun danganta abin da lodin da ya wuce kima da tsufan jirgin. Allah ya jiƙansu. Hukumar NIWA ta hana tafiyar ruwa da dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya. Kai ɗalibi ne, ka fara da kanka: ka nemi rigar, ka ɗaura ta daidai. In ka ga an loda babura da buhuna har bakin jirgi ya kusa shan ruwa, ka sauka. Za a yi maka dariya, wani ma ya ce tsoro ne ya kama ɗan boko. Ƙyale su, ka jira na gaba.

Kuɗi da kaya

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota bai koma yadda yake ba, Sallah kuma ƙari take yi a kai. Ka ware kuɗin zuwa da na dawowa tun yanzu, ka raba su da na ɗinki. Ka riƙe tsabar kuɗi da canji, domin a bakin ruwa ba kullum ake samun sabis ba, masu POS kuma sukan ƙara caji a irin wannan lokaci. Katin shaidar makaranta ya kasance a aljihu, waya cike da caji, takardu da kwamfuta a cikin leda mai kauri. In ku 'yan gari ɗaya kun kai cika mota, ku yi shata ta hannun ƙungiyarku ta ɗalibai. Ya fi sauƙi, musamman ga 'yan'uwanmu mata. Kowace gaɓa ka kammala, ka kira gida.

Dawowa ma tafiya ce

Cunkoson bayan Sallah bai gaza na kafinta ba. Ka sa ranar dawowa tun kafin ka tafi, ka faɗa wa iyaye, don kada ziyarar dangi ta cinye maka makon lacca. 'Yan ajin ƙarshe, kun san malamin da ke duba firojet ba zai karɓi uzurin rashin mota ba.

Allah ya kai mu gida lafiya, ya dawo da mu lafiya. Barka da Sallah tun yanzu.